Teburin Ɗan Canji a Malanville da Teburin Doka a Dakar

Duk wanda ya sauka Malanville da naira a aljihu, kafin ya taya ko buhun albasa sai ya nemi ɗan canji. Ba shi da wuyar samu. Yana nan a bakin tasha ko a ƙofar kasuwa, da ɗan teburinsa ko jakar da ya rataya a ƙirji, ga damman takardun kuɗi an ɗaure da roba, kalkuleta a hannun dama, waya a hannun hagu. "Alhaji, nawa jika yau?" Ba zai amsa ba sai ya leƙa wayar, domin farashin da ya bayar da hantsi ba lalle ne ya kai azahar ba. Jika a nan sefa dubu ce, dala kuwa sefa biyar, kuma da dala ake lissafi. Idan mai doya ta ce "ɗari", sefa 500 take nufi. Baƙon da ya zo daga Kano ko Zariya yakan yini yana ruɗewa kafin kunnensa ya saba.

Garin yana gaɓar kogin Kwara, a ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin, cikin jihar Alibori, fiye da kilomita 700 daga Kwatano. Tsallaken ruwa Gaya ce ta Nijar, gabas kaɗan da Gaya kuma ga Kamba, hedkwatar ƙaramar hukumar Dandi a jihar Kebbi. Ƙasa uku ke nan da kuɗi iri biyu. Sunan wurin na asali Tassi, wato yashi a harshen Dandawa, kafin Faransawa su laƙaba masa sunan Henri Malan, wanda ya yi gwamnan Dahomey, wato Benin ta yau, a farkon ƙarni na 20. Yau kasuwarsa ake lissafawa ta biyu a Benin bayan Dantokpa ta Kwatano.

Amma harkar kuɗi a wannan hanya ta girmi garin nesa ba kusa ba. Tun kafin a kafa bukka ɗaya a Tassi, ayarin fataken Hausa ke ƙetare Kwara ta wajen Illo da Gaya ko ta Yawuri, su ratsa ƙasar Bargu, su yada zango a Djougou, garin da tsofaffin fatake ke kira Zugu, sannan su miƙe zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Suna tafe da kanwa da baƙin tufafi da kayan fata, su komo da goro. Madugu ke gaba, shi ke daidaita garama da sarakunan hanya, shi ke biyan kuɗin fito a bakin ruwa. Kuɗin zamanin wuri ne, kuma wuri yana da nauyin tsiya. A Kano a 1851, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dalar azurfa guda, jaka ɗaya kuwa wuri 20,000 ce, kayan mutum guda cur. Wanda zai ɗauki kuɗin huhun goro masu yawa a wuri, sai ya ƙara jakuna don kuɗin kaɗai.

Shi ya sa fatake suka dogara da fatoma, maigidan da ke saukar da su a zango. Shi ke ba su masauki, ya ajiye kayansu, ya haɗa su da dillali, ya tsaya wa mai saye idan ciniki na bashi ne. Idan mai saye ya gudu, fatoma ke biya daga aljihunsa, domin in bai biya ba labari zai riga shi isa Kano, kuma baɗi babu ayarin da zai sauka gidansa. Ajiya, lamuni, tantance wanda ya cancanci bashi, hukunta wanda ya ci amana: duk ayyukan da yau aka raba tsakanin banki da hukumar sa ido a kan bankuna, mutum guda ne ya riƙe su a zauren gidansa. Wannan tsari bai mutu ba. Har yanzu a Malanville ɗan kasuwa daga Doso ko Birnin Ƙonni yana da maigidan da yake sauka wurinsa, kuma sau da yawa kaya kan riga kuɗi tafiya.

A wancan gari na Djougou aka haifi Abdoulaye Bio Tchané a 1952, cikin al'ummar Musulmi masu jin harshen Dandawa, harshen da fatauci ya kai can daga gaɓar kogi. Ya karanta tattalin arziki a jami'ar ƙasarsa, ya yi horo a cibiyar COFEB ta Dakar, sannan a ƙarshen shekarun 1970 ya kama aiki a BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa. Lokacin bankin bai daɗe da zama na 'yan Afirka ba. An ƙirƙiro sefa a ranar 26 ga Disamba 1945, amma sai a 1975 aka sami baƙar fata na farko a kujerar gwamna, Abdoulaye Fadiga ɗan Kwaddibuwa, kuma sai a 1978 aka ɗauko hedkwatar daga Paris zuwa Dakar.

A daidai waɗannan shekaru Malanville ke bunƙasa. An gina gadar farko a kan kogin a 1958, aka ƙara ta biyu a 1988 zuwa 1989. Jirgin ƙasa na kawo kaya daga Kwatano ya tsaya Parakou, daga nan manyan motoci su ɗauka zuwa Nijar, su komo da gyaɗa. Da Najeriya ta fito da naira a ranar 1 ga Janairu 1973, kuɗin mai kuma ya cika ƙasar, sai sana'ar canji ta tsaya da ƙafarta. A 1980, a farashin gwamnati, naira ɗaya ta fi sefa 300. Sai dai naira ba ta fita waje da sauƙi, ita kuwa sefa ana iya shiga da ita banki a Faransa a karɓi kuɗin Faransa ba tare da tambaya ba. Saboda haka attajirin Najeriya da ke son sayo kaya a Turai, ko ɓoye dukiyarsa a can, sefa yake nema, kuma a garuruwan kan iyaka yake samunta. Daga Wapa ta Kano zuwa Maraɗi, zuwa Gaya da Malanville, farashi ɗaya ke yawo daga baki zuwa baki.

'Yan canji sun ga ta kansu a Afrilun 1984, lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki ta kuma sauya launin takardun naira, aka ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba. Duk wanda ke riƙe da tsohuwar naira a wajen ƙasar kuma bai sami hanyar shigar da ita ba, ta zame masa takardar ƙunshe ƙosai. Iyakokin ba su buɗe ba sai a 1986. Tun daga lokacin 'yan canji suka koyi kada su kwana da kuɗi iri ɗaya masu yawa.

Babbar masifa kuwa daga cikin gida ta zo wa Benin. Mathieu Kérékou, wanda ya ƙwace mulki a 1972, ya rungumi tsarin gurguzu a 1974, gwamnati ta karɓe bankuna. Aka wayi gari ƙasar tana da manyan bankuna uku, duk na gwamnati: BCB na kasuwanci, BBD na raya ƙasa, da CNCA na manoma. Bashi ya koma abin da ake samu da takardar wani babba, ba da ƙarfin jari ba. Kamfanonin gwamnati suka ci, manyan jami'ai suka ci, 'yan uwansu suka ci, ba mai biya. Zuwa 1988 da 1989 duka ukun sun durƙushe. Ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna kusan kashi 80 cikin ɗari na basussukan da suka bayar ba su dawo ba, asarar kuma ta kai kimanin kashi 17 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Malamin makaranta ya je karɓar albashi babu, ɗan kasuwa ya je cire ajiyarsa an ce ya dawo gobe, goben da ba ta zo ba. Wani malamin tsibbu ɗan Mali na kusa da shugaban ƙasa, Mohamed Amadou Cissé, daga baya kotu ta ɗaure shi shekara 10 a 1992 kan kuɗin da aka kwashe daga BCB. Yajin aikin da rashin albashi ya haifar shi ya kai ga babban taron ƙasa na Fabrairun 1990, wanda ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya. A tsallaken kogi ma haka aka yi, bankin BDRN na Nijar ya rushe a 1990.

Ɗan kasuwar Malanville da ya ƙi kai kuɗinsa banki, ya bar su a akwatin ƙarfe ko a hannun maigidansa, shi ne ya tsira a wannan karo. Duk mai mamakin yadda har yau mutanen kan iyaka ke ɗari-ɗari da banki, ya tuna cewa iyayensu sun ga abin da idonsu.

Daga wannan rushewa aka gina dokar bankuna ta yanzu. A ranar 24 ga Afrilu 1990 ƙasashen sefa suka sa hannu a kan yarjejeniyar kafa hukumar sa ido a kan bankuna ta bai ɗaya, mai mazauni a Abijan. Hikimar abin a fili take: sufeton da zai binciki littattafan wani banki a Kwatano ba ma'aikacin gwamnatin Benin ba ne, don haka minista ba zai iya buga masa waya ya ce ya rufe ido ba. Aka ƙayyade jarin da banki zai mallaka kafin a ba shi lasisi, aka iyakance bashin da zai iya ba mutum guda, da wanda zai ba shugabanninsa da masu hannun jarinsa. Sababbin bankuna masu zaman kansu irin su Bank of Africa da Ecobank suka buɗe a Benin. A 1993 kuma aka tsara dokar ƙananan asusun ajiya da lamuni, wadda ta ba da gindin zama ga ƙungiyoyi irin su CLCAM da manoman arewa suka sani.

Bio Tchané na cikin ma'aikatan da suka girma a wannan gyara. A farkon shekarun 1990 yana hedkwatar Dakar, kusa da gwamna Charles Konan Banny, daga baya ya shugabanci sashen nazarin tattalin arziki na bankin. A wannan zamani aka yanke shawara biyu da suka girgiza teburin kowane ɗan canji. A watan Agustan 1993 BCEAO ya daina karɓar takardun sefa da aka fitar waje da yankin, wato an toshe hanyar nan ta cika akwati da sefa a kai Turai. Sannan a ranar 11 ga Janairu 1994, a Dakar, aka karya darajar sefa da rabi: kuɗin Faransa guda da ke kan sefa 50 ya koma 100. Mutum ya kwanta da jika goma, ya tashi da abin da ba zai sayi fiye da rabin kayan waje da ya saya jiya ba. Magani, sukari, kayan gyaran mota, duk suka yi tashin gwauron zabi. A gefe guda kuma mai auduga da mai shanu da mai albasa sun sami kasuwa, domin kayansu sun yi araha ga mai naira. Masana sun ce gyaran ya zama dole, kuma alƙaluman shekarun da suka biyo baya sun ba su gaskiya ta wani fanni. Amma babu wanda ya tambayi mai shago a Malanville da ya ci bashin kaya a tsohon farashi.

A watan Mayun 1998 Kérékou, wanda ya dawo mulki ta akwatin zaɓe a 1996, ya kira Bio Tchané gida ya ba shi ma'aikatar kuɗi. Ma'aikacin babban banki ya zama ɗan siyasa ke nan, ko ya so ko bai so ba. A banki aikinsa ya rubuta rahoto ya nuna inda gwamnati ta yi ɓarna. A kujerar minista shi ne zai zauna da 'yan ƙwadago kan albashi, shi zai sa kwastan su tara kuɗi, shi zai ce a'a ga abokan aikinsa ministoci. A zamaninsa aka fara aiki da harajin shigo da kaya na bai ɗaya na ƙasashen sefa, wato ƙungiyar UEMOA, a Janairun 2000, kuma a watan Yulin shekarar Benin ta shiga sahun ƙasashen da za a sassauta wa bashi. A shekarar ce kuma ya fitar da littafi kan yaƙi da cin hanci, abin da ba kasafai minista mai ci ke yi ba.

A nan akwai wani abu da ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Baitulmalin Benin da na Nijar sun daɗe suna cin abinci daga kayan da ake saukewa a tashar jiragen ruwan Kwatano, a rubuta cewa Nijar za su, su bi ta gadar Malanville zuwa Gaya, daga can su sulale cikin Najeriya ta Kamba ko Ƙonni ko Maraɗi: shinkafa, gwanjo, atamfa, taba. Kowane ministan kuɗi ya san da haka, kuma kowanne ya lissafa kuɗin a kasafinsa. Nairar da aka sayar da kayan da ita kuwa, ɗan canji ke mayar da ita sefa. Wato gwamnati na cin moriyar sana'ar, alhali a takarda mafi yawan masu yinta ba su da lasisi. Wannan rashin adalci ne, kuma har yau ba a gyara shi ba.

A Janairun 2002 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya naɗa Bio Tchané daraktan sashen Afirka a Washington, ya riƙe har 2008. A wannan lokaci Najeriya ta sami yafiyar bashin dala biliyan 18 daga ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris a 2005, Ngozi Okonjo-Iweala tana ministar kuɗi, kuma a farkon 2006 Asusun ya yafe wa Benin da Nijar basussukan da yake bin su. Amma a 2005 ɗin ne gwamnatin Nijar, wadda ke cikin shiri da Asusun, ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa da madara da sukari da ruwa da wuta, bayan fari da fara sun cinye amfanin gonar daminar da ta gabata. Jama'a suka fito a Yamai da Maraɗi da Damagaram, gwamnati ta janye mafi yawan harajin. A wannan shekara masarar da ke fitowa daga kasuwanni irin na Malanville tana cikin abin da ya riƙe gidaje da dama a yammacin Nijar.

Daga Washington ya koma Lome a 2008, shugaban bankin raya Afirka ta Yamma, BOAD. Kujerar da ya hau, wani ɗan arewacin Benin ne ya bar ta: Thomas Boni Yayi, wanda shi ma ya yi aiki a BCEAO, ya shugabanci BOAD daga 1994 zuwa 2006, sannan ya ci zaɓen shugaban ƙasa. Alamar tafiyar siyasar Yayi wuri ce, kuɗin fataken da.

Sai ga shi a ƙarƙashin mulkin ma'aikacin banki ne aka yi wa talakawan Benin damfarar da ba su taɓa gani ba. Wani kamfani mai suna ICC Services ya riƙa karɓar ajiya yana alƙawarin ribar da ta kai ninki biyu a shekara, yana biyan na farko da kuɗin na baya. Ba shi da izinin yin aikin banki, amma ya yi shekaru yana harka a bainar jama'a. Da asiri ya tonu a 2010, an ƙiyasta mutum kusan 150,000 abin ya shafa, da kuɗi fiye da sefa biliyan 150. An kori ministan cikin gida, amma shari'ar ba ta kankama ba sai a ƙarshen 2018. Dokar 1990 ta tsare bankuna, ta bar ƙofa a buɗe inda talaka ke kai kuɗinsa: mai adashi, asusun unguwa, da duk wanda ya zo da magana mai daɗi. Sai a 2012 Benin ta yi sabuwar doka mai tsauri kan ƙananan cibiyoyin kuɗi.

Bio Tchané ya ajiye shugabancin BOAD ya tsaya takara da Yayi a 2011, ya zo na uku. Ya sake tsayawa a 2016, ya zo na huɗu, ya mara wa Patrice Talon baya a zagaye na biyu, Talon ya ci zaɓen, kuma a watan Afrilun shekarar ya naɗa shi babban minista mai kula da tsare-tsare da raya ƙasa. Ƙwarewarsa ba ta taɓa zama abin gardama ba. Abin da ƙuri'un suka nuna shi ne sanin lissafin ƙasa bai isa ya sa jama'a su miƙa wa mutum ƙasar ba.

A kasuwa kuwa sana'a ta ci gaba da sauya kama. Tun da aka ɗaure sefa da yuro a 1999, a kan 655.957, ba ta motsa ba, ita kuwa naira sai gangarowa take. A 2024 jika guda ta haura naira dubu biyu, kuma a lokacin mutanen Benin da Nijar ne suka koma shiga kasuwannin Kebbi da Sakkwato suna kwasar kaya a araha. Dokar kuɗin waya da BCEAO ya sabunta a 2015 ta sa MTN da Moov sun shiga kowane lungu, 'yan Nijar kuma suna aika kuɗi ta Nita da Al Izza da Amana. A 2018 bankin ya fitar da ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, wadda ke da muhimmanci ga 'yan kasuwar da kuɗin ruwa ya hana su kusantar banki. Ɗan canji na yau yakan karɓi sefa a hannu, ya tura naira ta waya zuwa asusu a Birnin Kebbi, ciniki ya ƙare ba tare da takarda ko ɗaya ta ƙetare iyaka ba.

Sannan aka zo 2023. Sojoji suka hamɓarar da Mohamed Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yuli, ranar 30 ga wata ƙungiyar ECOWAS, wato CEDEAO, ta sa takunkumi. BCEAO ya rufe asusun gwamnatin Nijar, ya soke rancen sefa biliyan 30 da take shirin karɓa a kasuwar yankin. Gwamnatin Talon, wadda Bio Tchané ke cikin manyan ministocinta, ta rufe iyaka. Ɗaruruwan manyan motoci suka yi layi a Malanville, direbobi da yaran mota suna kwana a ƙarƙashin tirela, kayan abinci suna ruɓewa a rana. Bankin da aka gina don ya tsare kuɗin jama'a daga hannun 'yan siyasa, shi aka mayar bulala a rikicin siyasa, kuma bulalar ta fi sauka a kan ɗan dako da mai sayar da abinci a tasha, waɗanda ba su da hannu a juyin mulkin.

An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta bar kwantenoni a kan gadar. Manyan kaya suka koma bin doguwar hanya ta Lome da Burkina Faso. Mutane da buhuna suka koma kwale-kwale, suna biyan kuɗin fito a bakin ruwa kamar yadda madugai suka biya. Har tsakiyar 2025, shekara biyu bayan juyin mulkin, gadar Malanville a rufe take.